"Bincike Ya Nuna…": Wane Binciken, Wa Ya Yi, Wa Ya Duba?

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 2014 zai iya tuna wani dare na watan Agusta. Tun kafin kiran sallar farko wayoyi suka fara ƙara a gidaje. Yaya daga Legas, gwaggo daga Kaduna, aminin baba daga Jos, duk maganar ɗaya ce: a tashi yara, a ɗora ruwa, a zuba gishiri, a yi wanka a kuma sha kafin gari ya waye, wai shi ne rigakafin Ebola. A gidanmu layi muka yi a ƙofar banɗaki, kowa da bokitinsa, ana gyangyaɗi. Ban ji wanda ya tambayi wa ya faɗa ba. An dai ce likitoci ne suka gano.

Da gari ya waye abin ya koma barkwanci, amma ba kowa ne ya yi dariya ba. Jaridu sun ruwaito cewa aƙalla mutum biyu sun rasu, an kuma kwantar da wasu a asibiti, domin gishiri mai yawa ba abin wasa ba ne, musamman ga mai hawan jini. Ita kuwa Ebolar, mutum 20 ta kama a Najeriya, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa ƙasar ta rabu da ita. Abin da ya kawo ƙarshenta shi ne ma'aikatan lafiya da suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da marasa lafiyar, suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21.

Yanzu irin wannan saƙo ya waye. Ya daina cewa "an ce", ya koma "bincike ya nuna". Za ka gan shi a guruf ɗin dangi na WhatsApp, ko a bidiyon TikTok mai daƙiƙa arba'in, da hoton wani mai farar riga da sunan wata jami'ar Amurka. Bincike ya nuna ganye kaza yana warkar da ciwon suga. Bincike ya nuna mai cin abu kaza zai shekara ɗari. Mu kuma da yake kalmar tana da kwarjini, sai mu danna "tura".

To wai shin, me ake yi kafin bincike ya nuna wani abu da gaske? Bari mu leƙa asibiti da gidan tsofaffi da aji da allon lissafi, mu ga yadda masu aikin suke yi.

Likitan da ya sha ƙwayar cuta

Mu fara da ciwon da kusan kowane gida akwai mai kuka da shi: gyambon ciki, wato olsa. Shekara da shekaru likitocin duniya suna koyar da cewa damuwa da yawan sinadarin asid ne ke kawo shi. An kuma yarda cewa babu wata ƙwayar cuta da za ta iya rayuwa a cikin tumbin ɗan Adam saboda ƙarfin asid ɗin.

A 1979, wani likita mai duba naman jiki a ɗakin gwaje-gwaje a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren, ya fara ganin wasu lanƙwasassun ƙwayoyin bakteriya a samfurin da ake yankowa daga cikin marasa lafiya. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi a 1981. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji tana ƙin tsiro, saboda ana zubar da farantan bayan kwana biyu. Sai a hutun Ista na 1982, da aka bar farantan suka ƙara kwanaki, ta fito.

Da suka kai maganar gaban manyan likitoci, ba a karɓe ta hannu bibbiyu ba. Kuma a gaskiya manyan suna da hujja: ganin ƙwaya a cikin mai olsa bai tabbatar da ita ta kawo olsar ba. Ai a duk inda gobara ta tashi za ka ga 'yan kwana-kwana, amma ba su suka kunna wutar ba. A 1984 Marshall ya yi abin da ba a ba kowa shawarar ya kwaikwaya. Ya sa aka leƙa cikinsa aka tabbatar lafiyarsa ƙalau, sannan ya kurɓe ruwan da ke cike da ƙwayar. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa yana wari. Da aka sake zura masa na'urar leƙa ciki, aka tarar bangon tumbinsa ya kumbura, ga ƙwayar nan ta yi zamanta.

A nan bidiyon soshiyal midiya yakan tsaya, domin nan ne labarin ya fi daɗi. Amma mutum ɗaya ba ya zama hujja, ko da likita ne, kuma shi kansa kumburi ya samu, bai kai ga gyambo ba. Aikin da ya gamsar da duniya ya zo ne daga baya. An ɗauki marasa lafiya 100, aka raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, wasu aka haɗa musu da maganin kashe ƙwayar, wasu ba a haɗa ba, aka bi su shekara guda. Waɗanda aka kawar musu da ƙwayar, da wuya olsarsu ta dawo. Sauran kuwa yawancinsu ta dawo musu. An buga sakamakon a 1988, likitocin wasu ƙasashe suka maimaita suka ga haka. Sai a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa yi wa masu olsa da ke ɗauke da ƙwayar magani da antibayotik. A 2005 aka ba Marshall da Warren lambar yabo ta Nobel. Ka ƙirga: shekara 26 daga ranar da Warren ya fara ganin ƙwayar, wadda yau ake kira Helicobacter pylori.

Kada wannan ya sa ka wuce kemis ka ce a haɗo maka antibayotik. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ƙwayar, yawancinsu ba ta taɓa damunsu ba. Akwai kuma olsar da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ke kawowa. Gwaji ne yake bambance su, shi ya sa ake zuwa asibiti.

Ko babbar mujalla tana yin tuntuɓe

Wani zai ce, to idan a babbar mujallar kimiyya aka buga fa? Nan ma da sauran kallo. A 1998 mujallar The Lancet, ɗaya daga cikin mafiya daraja a fannin likitanci, ta buga takardar wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield, da abokan aikinsa, wadda ta jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela tana da alaƙa da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Yara nawa aka duba? Goma sha biyu. Babu wani rukunin yara da aka kwatanta su da shi.

Iyaye suka tsorata, da yawa suka daina kai 'ya'yansu rigakafi, ƙyanda ta sake ɗago kai a Birtaniya. Masu bincike a ƙasashe daban-daban suka nemi alaƙar nan ba su same ta ba. Daga baya aka bankaɗo rashin gaskiya a yadda aka gudanar da aikin. A 2010 mujallar ta janye takardar, aka kuma soke sunan Wakefield daga rajistar likitocin Birtaniya. A 2019 masana a Denmak suka fitar da sakamakon bin diddigin yara sama da 650,000, ba su ga wata alaƙa ba. Yara 12 a gefe ɗaya, sama da 650,000 a ɗaya gefen. Abin takaicin shi ne har yau tsohon zargin yana yawo a wayoyi, labarin janyewar kuwa ba kowa ya ji ba.

Tsoho mai shekara 111 da ya daɗe da rasuwa

Yanzu mu koma kan tsufa, fannin da 'yan kasuwar magani suka fi so. Wataƙila ka ci karo da bidiyon wasu yankunan duniya da ake cewa mutanensu sun fi kowa tsawon rai, irin su Okinawa a Japan, Sardiniya a Italiya da tsibirin Ikariya a Girka. Akan ce sirrin yana cikin abincinsu, daga nan kuma sai a nuna maka kwalbar da za ka saya.

A watan Yulin 2010 jami'an gwamnati a Tokyo suka je gidan wani dattijo da takardu suka nuna ya kai shekara 111, wanda ake ɗauka shi ne namiji mafi tsufa a birnin. Abin da suka tarar a ɗakinsa busasshiyar gawa ce. Ya yi kusan shekara talatin da rasuwa, iyalinsa suna ta karɓar kuɗin fansho da sunansa. Wannan ya sa gwamnati ta bi rajistar iyalai ta ƙasar, ta gano sunaye sama da 230,000 na mutanen da a takarda sun haura shekara ɗari amma ba a san inda suke ba. Da yawansu ana jin tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suka mutu, ba a dai goge sunayen ba.

Wani mai bincike, Saul Newman, ya bi irin waɗannan bayanai a ƙasashe da dama. Ya lura cewa a Amurka, da jihohi suka fara bayar da takardar haihuwa yadda ya kamata, yawan waɗanda ake cewa sun haura shekara 110 ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. Ya kuma nuna cewa sau da yawa irin waɗannan tsofaffi sun fi yawa a inda talauci ya yi katutu kuma ajiyar takardu ta yi rauni. A 2024 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake ba aikin da ke fara ba mutum dariya sannan ya sa shi tunani. Masanan da suka yi aiki a waɗancan yankuna sun mayar masa da martani, suna cewa sun tantance takardun mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Ana nan ana fafatawa a rubuce, kowa yana baje hujjarsa a fili.

Mu ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tambayi dattawa goma a unguwarku shekarunsu, za ka ji sittin, saba'in, tamanin. Da wuya ka ji 67 ko 73. Masana ƙidayar jama'a sun san wannan ɗabi'a ta taruwa a kan lambobin da ke ƙarewa da 0 ko 5, har suna da ma'aunin da suke gane ta da shi. Kakanninmu ba ƙarya suke yi ba. Da abin da ya faru suke lissafi, shekarar fari, ko shekarar zuwan Sarauniya Kaduna, wato 1956. Saboda haka idan ka ji an ce wane ya rasu yana da shekara 135 saboda yana shan jiƙo kaza, ka yi masa addu'a, amma ka tuna cewa mafi tsawon ran da aka tantance da takardu shi ne na wata Bafaransa, Jeanne Calment, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Akwai binciken tsufa da aka yi da haƙuri. A 1938 jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar ɗalibanta 268, daga baya aka haɗa da yara 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston. An bi su daga samartaka har tsufa, ana duba lafiyarsu, ana tambayarsu halin gida da na aiki, yau kuma ana bin 'ya'yansu. Babban abin da ya yi ta fitowa shi ne: waɗanda suke jin daɗin zamansu da iyali da abokai suna 'yan shekara hamsin, su ne suka fi lafiya da kwanciyar hankali suna 'yan tamanin. Amma masu aikin da kansu suna faɗin iyakarsa: waɗanda aka fara da su duk maza ne, fararen fata, a yanki ɗaya. Mai sayar da magani a bayan mota da lasifika, ka taɓa jin ya faɗi iyakar maganinsa?

Littafi ya iso, maki bai motsa ba

A fannin ilimi kowa gwani ne, domin kowa ya zauna a aji. Idan aka ce makarantar karkara ba ta da littattafai, amsar a bayyane take: a kai littattafai. A tsakiyar shekarun 1990, masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa suka gwada wannan a makarantun firamare 100 a yammacin Kenya. Wasu makarantun aka fara ba su littattafai, wasu suka jira zagaye na gaba, sannan aka kwatanta sakamakon jarrabawa. Matsakaicin maki bai tashi ba. Ɗaliban da dama can su ne a gaba su kaɗai suka amfana. Dalili kuwa littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma sun yi wa da yawansu nisa.

A Indiya, ƙungiyar Pratham tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka gwada wata hanyar: a ware yaran da aka bari a baya, a koya musu karatu da lissafi daga inda suka tsaya, ba daga inda manhaja ta ce ya kamata su kai ba. Wannan ya yi aiki, aka sake gwadawa a jihohi daban-daban, inda ya gaza aka gyara. Su ukun, Banerjee da Duflo da Kremer, sun samu Nobel ta tattalin arziki a 2019. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan aji biyar riƙe da littafin Turancin da ba ya iya karanta layinsa na farko, ya san ba Kenya kaɗai labarin ya shafa ba.

Ga kuma wanda zai yi maka amfani tun daren yau, idan kana shirin WAEC ko JAMB ko jarrabawar zangon karatu. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗaliban jami'a wani rubutu. Rukuni ɗaya suka yi ta maimaita karantawa har zama huɗu. Wani rukunin zama ɗaya suka karanta, sannan sau uku aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda labari ya juye: masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kusan kashi 40. Abin mamakin, masu maimaitawar ne suka fi tabbacin cewa sun riƙe. Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan: ba ka wanke allo sai ka kife shi ka kawo hadda a gaban malam. Rufe handawut ɗin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi ɓatan kai.

Inda misali arba'in ba ya isa

Babu inda ake tsaurara dubawa kamar lissafi. Ɗauki wayarka ka gwada wannan. Zaɓi lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kai, ka ƙara 41. Da 0 za ka samu 41. Da 1 za ka samu 43. Da 2, 47. Da 3, 53. Duk waɗannan lambobi ne da babu abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Ci gaba har 39, haka za ka yi ta gani, sau arba'in a jere. Da a soshiyal midiya ne, tuni an rubuta "bincike ya tabbatar". Sa 40: za ka samu 1681, wato 41 sau 41. Ta rushe. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa; wannan lissafi da ake dangantawa da Leonhard Euler a daidai arba'in ɗin ya zubar da nasa.

Shi ya sa masana lissafi ba sa karɓar misalai komai yawansu, sai hujjar da ta rufe kowace ƙofa. Wajen 1637 wani lauya Bafaranshe, Pierre de Fermat, ya rubuta wata da'awa a gefen shafin littafi. Kowa ya san 3×3 da 4×4 idan aka haɗa suna ba da 5×5, wato 9 da 16 sun zama 25. Fermat ya ce idan kowace lamba za ta fito sau uku ko fiye, kamar 3×3×3, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku da suka haura sifili da za su daidaita haka ba. Bai bar hujja ba. Aka shafe sama da shekara 350 ana nema.

Andrew Wiles ya ci karo da matsalar a laburare yana ɗan shekara goma. Da ya girma ya zama farfesa, ya yi shekara bakwai yana aiki a kanta kusan a ɓoye. A watan Yunin 1993 ya sanar a Cambridge cewa ya warware ta, jaridun duniya suka ɗauka. Sai aka miƙa rubutun, shafi kusan 200, ga masana su bi shi layi-layi. Ɗaya daga cikinsu, Nick Katz, ya yi tambaya a kan wani mataki, aka duba, ashe akwai giɓi. Ka yi tunanin halin da mutum zai shiga bayan duniya ta gama tafa masa. Wiles bai ce maƙiya ne ko 'yan hassada ba. Ya fito ya amsa cewa akwai matsala, ya koma ɗaki, ya nemi taimakon tsohon ɗalibinsa Richard Taylor. A watan Satumban 1994 aka toshe giɓin, a 1995 aka buga aikin.

Kafin ka danna "tura"

Ba sai kana da digiri za ka tace saƙo ba. Tambayoyi kaɗan sun isa.

Wa ya yi binciken, a ina, a wace shekara? "Masana a Amurka" ba suna ba ne. Idan babu suna ko shekara, ka ɗauka babu binciken.

A kan wa aka gwada, kuma su nawa? Ɓeraye ne, ko ƙwayoyin halitta a faranti, ko mutane? Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar cuta a faranti, har da ruwan bilic, amma ba a sha.

Da wa aka kwatanta? Mura takan tafi da kanta cikin mako guda ko makamancin haka. Idan ka sha jiƙo ka warke, sai an ga abin da ya faru da wanda bai sha ba kafin a yaba wa jiƙon.

Wasu sun maimaita sun samu abu ɗaya? Mai maganar ya faɗi inda aikinsa ya tsaya? Sannan me yake sayarwa? Idan bidiyo ya ƙare da lambar waya da "za mu aiko ko'ina kake", talla ka kalla.

Mafi haɗari shi ne saƙon da ke cewa a ajiye maganin asibiti. Hawan jini da ciwon suga ba sa yin ihu. Iyayenmu za su iya daina shan magani su ji garau na makonni, alhali ɓarna tana gudana a ƙoda da jijiyoyi. A yawancin gidaje mu matasa ne muke saita musu waya, mu muke karanta musu abin da aka turo, saboda haka tacewar ma a wuyanmu take.

Na san ba abu ne mai sauƙi ba ka ƙaryata kawu a guruf ɗin dangi, kuma bai kamata ka kunyata shi a gaban jama'a ba. Bi shi ta gefe, ko ka kira shi. Ka gaishe shi, ka ce: "Kawu, Allah ya saka da alheri da wannan saƙo. Na nemi sunan waɗanda suka yi binciken ban samu ba. Don Allah kada Hajiya ta ajiye maganinta tukuna, ranar asibitinta zan raka ta mu nuna wa likita." Sannan idan ranar ta zo, ka je ɗin.